Zaɓen Manhajar Kula da Takardu ga Rukunin Marubutan Fasaha

Gabatarwa

A ƙarshen watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga siyasa da makaranta. Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika tattaunawa a kansa ba, wato tarin rubuce-rubucen fasaha da ake buƙata da Hausa da sauran harsunan ƙasar: littattafan jagora na injuna, takardun bayanin magani, ƙa'idojin aikin jinya, umarnin amfani da takin zamani da maganin ƙwari. Irin wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Yana buƙatar rukuni na marubuta da masu fassara da ƙwararrun fanni da masu duba rubutu, kuma waɗanda suka karanci kimiyyar harshe suna cikin waɗanda za a fara nema.

Duk rukunin da ya shiga wannan aiki ba ya daɗewa sai ya ci karo da tambaya guda: a ina za a ajiye takardun, kuma ta yaya za a san wadda ce sahihiya? Wannan maƙala za ta yi bayanin ire-iren manhajojin da ake amfani da su don amsa wannan tambaya, da ma'aunan da ya kamata a auna su da su. Abin da take son tabbatarwa shi ne, zaɓen yana farawa ne daga sanin yanayin rubutun da harshen da aka yi shi da shi, sannan sunan manhaja ya biyo baya.

Matsalar da ake son magancewa

A ɗauki misalin mutum biyar da aka ba aikin rubuta littafin jagora na gyaran famfon burtsatse mai aiki da hasken rana: injiniya ɗaya, marubuta biyu, mai fassara zuwa Zabarmanci, da mai duba rubutu. Fayil ɗin yana yawo tsakaninsu ta WhatsApp da imel da ƴar na'urar ajiya ta USB. Bayan wata biyu sai a tarar da kwafi shida: "jagora", "jagora gyararre", "jagora na ƙarshe", "jagora na ƙarshe 2", da sauransu. Injiniya ya lura an manta da umarnin a katse wuta kafin a buɗe akwatin wayoyi, ya saka shi a kwafin da ke hannunsa. Mai fassara kuwa ya riga ya gama aiki daga kwafin makon jiya, maɗaba'a kuma ta karɓi wani kwafin daban. Kowa ya yi aikinsa da gaskiya, amma littafin da zai isa hannun mai gyara a ƙauye ba ya ɗauke da gargaɗin da zai tsare ransa.

A nan rubutun fasaha ya bambanta da rubutun adabi. Mai karanta labari yana iya yafe kuskure ya wuce, amma mai karanta littafin jagora aikata abin da ya karanta yake yi. Ga shi kuma rubutun ba ya zama wuri ɗaya: duk lokacin da aka sauya wani ƙarfe a jikin inji ko aka canza adadin magani, dole takardar ta canza, fassarorinta ma su canza.

Manhajar kula da takardu, wadda masu aiki da Faransanci suka sani da taƙaitaccen suna GED, ta wuce rumbun zuba fayiloli. Ayyukanta na asali biyar ne. Tana riƙe da tarihin sigogin kowace takarda, ta yadda za a ga wanda ya canza me, da ranar da ya canza, a kuma iya komawa baya. Tana tsara izini, wato wa zai karanta, wa zai gyara, wa zai amince. Tana bin matakan aiki daga daftari zuwa dubawa zuwa amincewa zuwa wallafawa. Tana ajiye bayanan shaidar takarda, kamar take da marubuci da harshe da kwanan wata. Sannan tana ba da damar bincike a cikin rubutun baki ɗaya. Ƙa'idar duniya ta ISO 15489 a kan kula da bayanai, wadda aka fitar a 2001 aka sabunta a 2016, ta ambaci siffofi huɗu na takardar da za a dogara da ita: ta kasance sahihiya, abin da ke cikinta abin amincewa ne, ba a tauye ta ba, kuma ana iya samo ta a yi amfani da ita. Manhajar da ta kasa tsare waɗannan huɗu ba ta cika sunanta ba, komai kyan fuskarta.

Tambayar farko: mene ne "takarda" a wurin rukunin?

Ɗalibin harshe ya saba da cewa kafin a yi nazari sai an tantance ƙwayar da za a yi nazari a kanta: ƙwayar sauti ce, ko ƙwayar ma'ana, ko jimla. Haka abin yake a nan. Manhajojin sun kasu gida uku gwargwadon abin da kowane gida ya ɗauka a matsayin ƙwayarsa.

Gida na farko ya ɗauki fayil a matsayin ƙwaya. A nan ake samun SharePoint na kamfanin Microsoft, da Alfresco, da Nuxeo wanda aka ƙirƙira a Faransa, da Nextcloud wanda rukuni zai iya ɗorawa a kan kwamfutarsa ta kansa. Marubuci yana aiki da Word ko LibreOffice kamar yadda ya saba, manhajar kuma tana kula da sigogi da izini. Sauƙin koyo shi ne babban amfanin wannan gida. Rauninsa kuwa, manhajar ba ta san abin da ke cikin fayil ɗin dalla-dalla ba. In gargaɗi ɗaya ya bayyana a littattafai goma sha biyu, sai an buɗe goma sha biyun an gyara da hannu, kuma mantuwa da ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Manhajojin wiki irin su Confluence da MediaWiki suna kusa da wannan gida, sai dai su shafi ne ƙwayarsu. Suna da daɗin aikin haɗin gwiwa, amma fitar da littafi mai tsari don bugawa yakan yi wuya da su.

Gida na biyu ya ɗauki gutsuren rubutu a matsayin ƙwaya. Ana rubuta kowane mataki ko gargaɗi ko bayani a matsayin yanki mai zaman kansa cikin zubin XML, sannan a harhaɗa yankunan su zama littafi. Fitaccen tsari a nan shi ne DITA, wanda ya samo asali a kamfanin IBM, ya zama ƙa'idar ƙungiyar OASIS a 2005. Ya raba rubutu zuwa nau'i uku na asali: bayanin ma'anar abu, matakan aikata abu, da bayanan dubawa kamar jadawalin awo. Masana'antar jiragen sama da ta kayan soja suna da nasu tsarin mai suna S1000D, inda ake tara yankunan a rumbu guda, kowane da lambarsa. A wannan gida gargaɗin katse wuta sau ɗaya ake rubuta shi, duk littafin da ke buƙatarsa sai ya kira shi. In an gyara shi, ya gyaru ko'ina. Farashin wannan ni'ima shi ne horo mai tsawo da manhaja mai tsada, da kuma sabon salon tunani, domin marubuci zai daina rubuta "kamar yadda aka faɗa a sama", tunda bai san inda yankin nasa zai faɗa ba.

Gida na uku ya ɗauki layin rubutu a matsayin ƙwaya. Ana rubutu cikin zubi mai sauƙi irin Markdown, wanda John Gruber ya fito da shi a 2004, a ajiye shi da Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don kula da aikin Linux. Git tana kwatanta sigogi layi bayan layi, tana haɗa gyare-gyaren mutum biyu da suka taɓa fayil ɗaya, tana kuma tsayawa ta nemi hukunci in sun taɓa layi ɗaya. Kyauta ce, kuma kowane ɗan rukuni yana da cikakken tarihin aikin a kwamfutarsa. Sai dai an gina ta ne don masu rubuta manhaja, kuma likita ko malamin gona da aka roƙa ya duba shafi biyu ba lallai ne ya yarda ya koye ta ba. Ba ta kuma iya kwatanta fayilolin Word yadda take kwatanta rubutu tsantsa.

Babu gidan da ya fi sauran a kowane hali. Rukunin da ke da takardu kaɗan waɗanda ba su maimaita juna, gida na farko ya ishe shi. Wanda ke da injuna iri goma masu kama da juna da harsuna huɗu, zai ci ribar gida na biyu. Wanda ke rubuta jagorar manhaja tare da masu ƙirƙirarta, gida na uku ne mazauninsa. Sayen gida na biyu don littafi uku kamar sayen raƙumi ne don ɗaukar tiya ɗaya ta gero.

Haruffa: gwajin da ba ya cikin takardar talla

Masu sayar da manhaja kusan dukansu suna cewa hajarsu tana karɓar Unicode, ƙa'idar lambobin haruffa da aka fara wallafawa a 1991. Maganar gaskiya ce, amma ba ta wadatar ba. Haruffan Hausa masu lanƙwasa suna da lambobinsu: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199, ƴ kuma tana U+01B4. Ajiye su abu ɗaya ne, yin aiki da su daidai wani abu ne daban, kuma wurare huɗu ne aka fi samun tuntuɓe.

Na farko shi ne bincike. Wasu manhajoji suna ɗaukar ƙ da k a matsayin haruffa biyu da ba su da wata alaƙa, don haka wanda ya nemi "kasa" daga wayar da ba ta da ƙ ba zai sami "ƙasa" ba. Wasu kuma suna share bambancin gaba ɗaya, sai "kashi" da "ƙashi", ko "bari" da "ɓari", su zama kalma ɗaya. A littafin aikin unguwarzoma wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne. Abin da ake so shi ne manhajar da za a iya saita ta, ta sassauta wa mai karatu da ke nema, ta tsananta wa mai duba rubutu da ke gyara.

Na biyu shi ne alamar hamza. A kwamfuta akwai aƙalla alamomi uku masu kama da juna a ido: miƙaƙƙiya mai lamba U+0027, lanƙwasasshiya mai lamba U+2019, da harafin U+02BC. Manhajojin rubutu sukan sauya ta farko zuwa ta biyu ba tare da sanin marubuci ba, sai kalmar "sa'a" ta kasance da rubutu iri uku a rumbu ɗaya. Wasu injunan bincike ma suna yanke kalmar biyu a wurin alamar. Ga kuma bambancin ƙa'ida tsakanin ƙasashe biyu: dokar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tabbatar da ƴ, alhali a Najeriya 'y aka fi rubutawa. Rukunin da ke wallafa wa Maraɗi da Katsina a lokaci guda dole ya yanke shawara a kan wannan tun ranar farko.

Na uku shi ne karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ake nunawa a ƙamus da littattafan koyar da harshe. Harafin à ana iya ajiye shi a matsayin lamba ɗaya, ko kuma a matsayin a da alamar faɗuwa daban. Unicode ta tanadi hanyoyin daidaita su, masu suna NFC da NFD, amma manhajar da ba ta daidaitawa za ta ɗauke su abu biyu. Dogon wasalin a mai faɗaɗɗen kari ma ba shi da lamba guda ɗaya tak, sai an haɗa alamomi, kuma ba kowane zanen haruffa ke ɗora su da kyau ba. Zanen Charis da Doulos da Andika na ƙungiyar SIL an yi su ne don irin wannan buƙata.

Na huɗu shi ne jeri. A abacadar Hausa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Manhajar da ke jera kalmomi bisa girman lamba kawai za ta jefa su duka bayan z, sai fihirisar littafi ta hargitse. Rumbun bayanan harsuna na Unicode, mai suna CLDR, yana ɗauke da ƙa'idar jerin Hausa, amma sai an tabbatar manhajar tana amfani da ita.

Bayanan shaida ma suna buƙatar idon masanin harshe. Rubuta "Hausa" a gurbin harshe bai isa ba. Tsarin lambobin harsuna na intanet yana ba da damar a rubuta ha-NE don Hausar Nijar, ha-NG don ta Najeriya, ha-Arab don ajami, dje don Zabarmanci. Manhajar da jerin harsunanta a kulle yake, ba ta barin a ƙara waɗannan, za ta tilasta a yi wa takardun Hausa laƙabin Faransanci, sai mai gyaran ƙa'idar rubutu ya ja jan layi a ƙarƙashin kowace kalma.

Fassara da keɓaɓɓun kalmomi

A Nijar yawancin rubutun fasaha da Faransanci yake farawa kafin a juya shi. Saboda haka dole manhajar ta san dangantakar uwa da ƴaƴanta: wace fassara ce aka yi daga wace siga, kuma in an taɓa uwar, waɗanne fassarori ne suka zama tsofaffi. A misalin famfon da ya gabata, wannan sanarwa kaɗai da ta isa ta hana ɓarna.

Akwai zubi uku da ya kamata a tambayi mai sayarwa a kansu. XLIFF shi ne zubin aika rubutu ga mai fassara da karɓo shi ba tare da tsarin shafi ya lalace ba. TMX shi ne zubin rumbun fassara, inda ake tara jimlolin da aka taɓa fassarawa tare da takwarorinsu, don kada a biya kuɗin jimla ɗaya sau biyu. TBX, wanda ya zama ƙa'idar ISO 30042, shi ne zubin rumbun keɓaɓɓun kalmomi. Manhajar OmegaT, wadda kyauta ce, tana aiki da rumbun TMX, don haka ƙaramin rukuni ma yana iya cin moriyar wannan tsari.

Rumbun keɓaɓɓun kalmomi shi ne inda gudummawar masanin harshe ta fi fitowa fili. A Damagaram ko Tawa, in an ce "an kai shi likita" ana iya nufin gidan magani, alhali mai karatu a Kano mutum zai fahimta. "Jaka" a Nijar sefa 1000 ce, a Najeriya kuwa naira 200 aka sani da wannan suna. Marubuta biyu a ofis ɗaya suna iya rubuta "wuta" da "lantarki" a shafi ɗaya, mai karatu ya zaci abu biyu ake nufi. Masana'antar jiragen sama ta Turai ta fuskanci irin wannan matsala da Ingilishi, domin yawancin masu gyaran jirage a duniya ba shi ne harshensu na farko ba. A 1986 ta fitar da sauƙaƙaƙƙen Ingilishin fasaha, wanda yanzu ake kira ASD-STE100: ƙamus na kimanin kalmomi 900 da aka amince da su, kowace kalma da ma'ana ɗaya, jimlar umarni ba ta wuce kalma 20, ta bayani ba ta wuce 25. Darasin da ke ciki shi ne, daidaita kalmomi aikin mutane ne. Manhaja tana iya nuna wa marubuci cewa ya kauce wa kalmar da aka zaɓa, amma sai in wani ya riga ya zauna ya zaɓa.

Lantarki, intanet da kuɗi

Yawancin manhajojin yau an gina su bisa zaton cewa mai amfani yana kan intanet dare da rana, takardunsa kuma suna ajiye a kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Wannan zato bai dace da kowane ofis ba. A watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take sayar wa Nijar, birane da dama sun shiga dogon ɗauke wuta, kuma ko a lokacin lafiya zafin bazara yakan zo da katsewa. Tambayar da za a yi ita ce: in intanet ta yanke na kwana biyu, marubuci zai iya ci gaba da aiki, manhajar ta daidaita gyare-gyarensa in ta dawo? Git tana yin haka a ɗabi'arta. Nextcloud da makamantanta suna ajiye kwafi a kwamfutar mutum su daidaita daga baya. Manhajar da ba ta buɗuwa sai ta shafin intanet kuwa tana tsayawa cik.

Wajen kuɗi, ana yawan kallon farashin saye a manta da na riƙo. Manhajojin haya ana biyan su ne bisa yawan masu amfani, wata-wata ko shekara-shekara, galibi da kuɗin waje. Aikin da wani mai tallafi ke biya na shekara uku yana iya ƙarewa, hayar ta tsaya, ƙofa ta rufe da takardu a ciki. Manhajar kyauta ba ta da kuɗin lasisi, amma tana buƙatar kwamfutar ajiya da batir da mutumin da zai riƙa sabunta ta. Ko wacce aka zaɓa, ƙa'idar ajiya da aka sani da 3-2-1 tana nan: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban.

Ƙofar fita

Ma'aunin da aka fi mantawa da shi shi ne yadda za a fita. Takardun fasaha sukan fi manhajar da aka rubuta su da ita tsawon rai. A 1986 BBC ta tattara bayanai a kan rayuwar Birtaniya don cikar shekara 900 da kundin Domesday na 1086, ta zuba su a faifan LaserDisc mai buƙatar na'ura ta musamman. Kafin shekara ashirin na'urorin sun kusan ɓacewa, sai da masu bincike na jami'o'in Leeds da Michigan suka ƙirƙiri manhajar kwaikwayon tsohuwar na'urar a 2002 don a iya karanta su. Kundin fata na 1086 kuwa har yau ana karanta shi. Kamfanoni ma suna sauya hanya: Atlassian, mai Confluence, ya daina tallafa wa nau'in Server na manhajojinsa a watan Fabrairu na 2024, abin da ya sa ƙananan rukunai da dama zaɓi tsakanin ƙaura zuwa haya ko neman wata manhaja.

Harsunan Nijar sun riga sun ɗanɗana irin wannan. Kafin Unicode ta yaɗu, ana samar da haruffa masu lanƙwasa ne ta zanen haruffa na musamman da ke aron gurbin wasu alamomi. Shi ya sa tsofaffin fayilolin Hausa da yawa, in an buɗe su a kwamfutar da ba ta da wannan zane, ake ganin "}asa" a madadin "ƙasa". Aikin DiLAF, wanda ya mayar da ƙamusoshin Hausa da Barbarci da Tamajak da Zabarmanci na shirin Soutéba zuwa intanet, sai da ya fara da sauya irin waɗannan haruffa zuwa Unicode, sannan ya fitar da rubutun daga fayilolin Word zuwa XML, yana tantance wane yanki ne kalmar shiga, wane ne rukunin nahawu, wane ne misali. Aikin ya yiwu ne domin an sami fayilolin da kuma masana da suka san abin da kowace alama take nufi.

Saboda haka kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya, a nemi ganin fita a aikace. A fitar da dukan takardu, tare da tsofaffin sigoginsu da bayanan shaidarsu, cikin zubi buɗaɗɗe: ODF da ya zama ƙa'idar ISO a 2006, ko XML, ko rubutu tsantsa. Sigar da aka amince da ita kuma a ajiye ta cikin PDF/A, ƙa'idar adana takardu ta 2005, wadda ke tilasta a cusa zanen haruffa cikin fayil ɗin, ta yadda ƙ za ta ci gaba da zama ƙ a kowace kwamfuta.

Yadda ake gwaji

Hanya mafi aminci ita ce a fara da rubuta yadda aiki ke gudana a yanzu: takardu nawa ne, harsuna nawa, wa ke amincewa, sau nawa ake gyara a shekara, kashi nawa na rubutun ke maimaituwa. Daga nan a ware buƙatun dole daga na sha'awa, a zaɓi manhaja biyu ko uku kawai, a gwada su da takardar gaske ta rukunin, a bar misalin da mai sayarwa ya shirya.

Gwajin ya ƙunshi abubuwa kamar haka. A saka wa fayil suna mai ɗauke da Ƙ da ɗ da ƴ, a aika shi daga kwamfuta zuwa waya a dawo da shi. A nemi "ɓari" da "bari" a ga abin da zai fito. A jera kalmomi ashirin a duba mazaunin ɓ. Mutum biyu su gyara sakin layi ɗaya a lokaci guda. A cire intanet a tsakiyar aiki. A gyara uwar Faransanci a ga ko manhajar za ta yi ishara ga fassarar Hausa. A ƙarshe a fitar da komai a buɗe shi a kwamfutar da ba ta taɓa ganin manhajar ba. Wajibi ne kuma a saka wanda ya fi kowa ƙarancin sabo da kwamfuta cikin masu gwajin, domin in manhajar ta gagare shi, zai koma aika gyara ta WhatsApp, sai a sake samun kwafi shida.

Kammalawa

Manhaja ba ta ƙirƙirar tsari inda babu shi. Rukunin da bai yarda a kan wa ke da kalmar ƙarshe ba, bai tsayar da ƙa'idar rubutu ba, bai zaɓi keɓaɓɓun kalmominsa ba, zai kwashe hargitsinsa ne ya zuba a sabon rumbu. Wanda ya yi waɗannan kuwa, ko ƙaramar manhaja ta ishe shi. A teburin da ake yanke shawarar saye, injiniyan kwamfuta zai yi maganar tsaro, akanta zai yi maganar kuɗi. Maganar hamza da jerin abacada da bambancin ha-NE da ha-NG, in ɗalibin harshe bai tayar da ita ba, da wuya wani ya tayar, kuma gyaranta bayan an zuba takardu dubu a rumbu ya fi tsada nesa da tambayar da za a yi kafin saye.